Jinyar Murjani a Nima

Ranar Asabar na ɗauko shi daga Osu,
cikin leda mai ruwa, a kan cinyata,
ina kare shi daga gwiwar fasinjan tirotiro.
Bai kai tsawon ɗan yatsana ba.
Rassa uku, kore, bakin kowane reshe shuɗi.
Odartey, wanda ya sayar mini, ya ce:
dutse ne, amma yana ci, yana kuma fushi.
Na yi dariya. Na ƙirga masa sidi ɗari huɗu.

Talata da safe fari ya ɓullo a gindinsa,
kamar wani ya lashe masa fata cikin dare.

Shekara ashirin da biyu ina auna jinin mutane a Korle Bu,
yau ga ni durƙushe gaban akwatin gilashi
ina ƙirga ɗigo a ƴar kwalba.
Gishiri daidai.
Kalsiyam daidai.
Alkali, ba na kotu ba,
ko da yake shi ma hukunci yake yankewa,
ya ɗan sauka, bai isa ya kashe kowa ba.

To mene ne?
Na zargi daren Lahadi, da aka ɗauke wuta awa bakwai,
famfo ya yi shiru, ruwa ya kwanta kamar na randa,
zafi ya haura talatin.
Na jefa daskararrun ledojin fiya-wata guda huɗu,
na yi ta motsa ruwan da ludayin miya
har ladan ya kira asuba.
Na zargi fitila, na rage ta.
Na zargi duhu, na ƙara ta.
Na zargi wata ƴar kaguwa mai gashi a ƙafa,
na yi mata kwanton ɓauna kwana biyu
na tarar gansakuka kawai take kiwo.
Na tsoma shi a magani ko tsutsa za ta faɗo,
ba ta faɗo ba.
Na ɗaga shi sama. Na sauko da shi.
Na kai shi bakin famfo, na janye shi.

Teku na can, tafiyar rabin awa,
yana dukan duwatsun Jamestown ba da ma'auni ba,
ni kuwa a buhu nake sayen gishirinsa.

Alhamis, fari ya cinye reshe ɗaya.
Goggo Sahadatu ta shigo da kwanon wake da shinkafa,
ta daɗe tana kallo, hancinta a jikin gilashi.
Ta ce: Mutawakilu, sau nawa ka canza masa wuri?
Na ce shida.
Ta ce: ko kaza ka sayo,
wuri ɗaya ake ɗaure ta har ta san gida.
Ni da na zo daga Salaga
sai da na yi wata uku tuwo bai yi mini daɗi ba,
ba kuma ciwo nake yi ba.
Ta ajiye kwanon. Ta fita.

Na dubi hannuna, fatarsa ta yi yaushi don gishiri.
Shi kaɗai ne ban auna ba.

Da la'asar na ɗauko ƙaramin almakashi,
na yanke rassa biyun da ke da sauran launi,
can sama da inda farin ya tsaya.
Ƙarar da ya yi, kamar karyewar ƙashin kifi.
Na manna su a kan dutse, ƙasa-ƙasa,
inda haske ke isa da ladabi,
na wanke hannu, na sa shi a aljihu.

Kwana tara ke nan.
Ɗaya ya tafi, fari fat, na bar shi a wurin.
Ɗayan kuma, jiya da ƙarfe biyun dare,
na haska shi da tocilar waya ta bayan yatsuna,
sai ga ƴan bakuna, ƙanana kamar ƙwayar gero,
biyar, wataƙila shida,
sun buɗe suna laluben ruwa.

Ban taɓa komai ba.
Na kashe tocilar, na zauna a ƙasa,
ina sauraron famfo.